Lantana da Kasuwar Farin Zare

A ƙarƙashin gonar Lantana 'yar Nomau akwai birni mai ƙofofi da kasuwa. Shekara da shekaru tana taka shi ba ta sani ba, har ta kusa kashe shi da alheri.

Ita Lantana mace ce mai sakin hannu, irin sakin da ya zama ciwo. Ba ta iya ganin abu mai baki ta ƙyale shi bai ci ba. Baƙo in ya tsaya tambayar hanya, da ƙyar yake tashi saboda tuwo. Kajinta sun manta da tono, awakinta kuwa ƙiba ta hana su tsallake danga. Mutanen Kwarin Zago suna ƙaunarta, suna kuma tsokanarta, in aka ga yaro ya yi kumatu sai a ce lalle ta ƙofar Lantana yake bi.

Da mahaifinta ya rasu ya bar mata gona guda da tukunyar iri. Dawa ce ja mai ƙamshi, ana kiranta Jar Inna, don kakarta Inna ce ta zo da ita ƙulle a gefen zane daga wani gari da ya daɗe da zama kufai. Babu irinta a ko'ina sai gidan. Dawar nan tana da al'adarta. Ranar shuka akan je gindin tsohon gawo a bakin daji, inda garma ba ta taɓa shiga ba, a ɗebo ƙasa. Kowane rami a jefa iri, a bi shi da ɗan tsunkulin ƙasar nan, a rufe, a ƙyale shi babu taki har sai ya yi ƙwari.

Lantana ta ga wannan rowa ce tsagwaronta. Ƙasa a kan ƙasa, sannan a bar jariri da yunwa? Ta daina ɗebo ƙasar gawo, ta kori awaki zuwa kasuwa, ta dawo da buhunan takin zamani, tun ranar shuka ta dinga ɗura wa ramuka har suna fari. Shekarar farko dawa ta yi kyau, kowa ya zo kallo. Daga nan abu ya fara lalacewa. Da ruwa ya ɗan ɗauke, gonarta ce ke riga ta kowa yaushi. Ita kuma magani ɗaya ta sani, ta ƙara taki. Haka aka yi ta yi, rumbu yana raguwa, har irin da ya rage bai wuce ya rufe gindin tukunya ba.

Baffa Dogara, ƙanin mahaifinta, shi kaɗai ya saura cikin waɗanda suka ci tuwon dawar nan daga hannun Inna. Ya leƙa tukunyar, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, "'Yar nan, wannan shi ne na ƙarshe. In bana ya mutu, Jar Inna ta ƙare a duniya."

Ta ce, "Baffa, to me na rage ta da shi? Wallahi ko ni ban ci yadda gonar nan ta ci ba."

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Na dai san Inna ba haka take yi ba."

Da hantsi ta ɗauki fartanya da gorar fura ta tafi sharar gona, zuciyarta a jagule. Ƙwaya ɗaya ta Jar Inna tana ƙulle a gefen zanenta, yadda kakarta take yi. Ta kai sara kusa da wani suri, sai fartanya ta ɗago wani farin zare siriri, ya tsinke. Zaren ya yi ƙara irin ta mutum.

Ƙasa ta juya mata. Da ta buɗe ido sai ta ga surin ya zama dutse mai taɓa sama, fartanyarta ta zama gungumen da ba ta iya ganin ƙarshensa. A gabanta ga wani zago, babbar garar nan, tsaye, kansa ja, ya fi ta tsawo, yana riƙe da mashi.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kin yanke hanya ta ƙarshe da ta rage wa Birnin Farin Zare. Ni ne Sarkin Ƙofa. Magajiya tana kiranki, ba kuma a ce mata ana zuwa."

Lantana ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban san da kowa a nan ba. Ka ci abinci kuwa? Ga fura."

Zago ya sunsuni gorar, ya yi dariya har mashinsa ya faɗi. Ya ce, "Lalle ke ce. Riƙe abinki, shiga."

Ya tura ta wani rami mai gangara. Ta yi ta sauka, ta wuce ɗakunan gara inda ake ta gini ba mai kallonta, ta wuce wata rijiya da ruwanta ke rataye a sama bai zubo ba, har ta iso bakin wani fili fari fat. Manyan duwatsu ne farare jibge a kan juna, suna fitar da wani irin tururi mai yaji. Ta sa ƙafa, tafinta ya yi zafi kamar ta taka garwashi, ta yi tsalle ta koma.

A bakin filin wata tsohuwar tana ce, tsutsar ƙasa, take kwance, jikinta duk tabo, ta bushe har tana tsagewa. Lantana ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe gora ta ɗura mata fura. Tanar ta sha, ta miƙe, jikinta ya yi laushi.

Ta ce, "Madalla da ke, baiwar Allah. Da a ce mai gonar nan irinki ce, da ba mu ga wannan bala'i ba. Kullum sai ta yi mana ruwan farin dutse."

Lantana ta dubi duwatsun da kyau, ta gane su. Takinta ne. Kunya ta rufe ta, ta ce a hankali, "Ni ce."

Tanar ta dube ta. Can ta ce, "To, na riga na sha furarki. Hau bayana."

Ta nutsa da ita ta ƙarƙashin filin, suka ɓulla a ƙofar birni. Birni ne babba, amma babu motsin rai. Tituna sun tsattsinke suna lilo a sama, rumfunan kasuwa sun rufta. A tsakiyar kasuwar wata dattijuwa take zaune, fara sol, gashinta ya zubo ya bazu ta kowace hanya, mafi yawansa a yanke. Ba ta da ido, amma ta juyo daidai inda Lantana take.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Farin Zare. Matso, ya ke mai kyautar da ta tashi birni."

Lantana ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa hana kowa komai ba. Ta yaya na tashi birninku?"

Magajiya ta ce, "Mu fatake ne. Saiwa gajera ce, mu dogaye. Muna ratsa tsagar da saiwa ba ta shiga, mu ɗebo ruwa daga nesa, mu lasa gishirin dutse mu kawo ƙofarta. Ita kuma ta biya mu da zaƙi da maiƙo, waɗanda ganyenta ya dafa a hasken rana, don mu ba mu taɓa ganin rana ba. Tun kafin a haifi kakarki muke ciniki da dawarku. Amma ba ma shiga gida sai an kira mu, ba a kuma kiranmu sai ana bukata. Kin cika mata baki tun tana cikin zanen goyo. Ta rufe ƙofofi, ta daina kira. Mutanena suka zauna a bakin ƙofa har yunwa ta kashe na kashewa, sauran suka gudu gindin gawo."

Lantana ta ce, "To ai ta ƙoshi, ranki ya daɗe."

"Ta ƙoshi da gishiri. Ruwa fa? Ran da sama ta ɗauke, wa zai tafi mata nesa? Buhunki yana da ƙafa?"

 Hawaye suka zubo wa Lantana, don ta tuna yadda take tsayawa a gona tana kallon ganye yana naɗewa, tana ƙara zuba abin da ke korar masu kawo ruwa. Ta ce, "A gaya mini abin da zan yi. Iri ya ƙare, na bana ne kaɗai ya saura."

Magajiya ta ce, "Kwance abin da ke gefen zanenki."

Ta kwance. Ƙwayar ta faɗi ƙasa, ta kumbura ta zama kamar rumbu, ta tsage. Farar saiwa ta fito ta soki ƙasa, a jikinta ƙofofi jere, duk a garƙame. Magajiya ta nuna wata 'yar kafa ta ce, "Mu ba mu da izinin shiga. Ke jinin gidan ce. Shiga ki tashe su."

Lantana ta kutsa. Ta sami kanta a wani dogon zaure. Daga wannan bango zuwa wancan an miƙa wata igiya mai tufka biyu, murɗaɗɗiya, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. A jikin igiyar ƙulli ne birjik, a kan kowane ƙulli mutum yana zaune da kayan aikinsa. Waɗansu idonsu biyu, suna ta aiki: mai rina ƙwaya ja, mai miƙar da kara, mai zuba ƙamshi. Amma wani dogon layi duk barci suke. Ga wata mai kaskon turare, wutarta a mace. Ga mai mabuɗai, ga mai mudu, ga mai tulun mai, ga mai tsintsiya. A farkon layin wani makaɗi ya kifa kai a kan gangarsa yana minshari.

Ta girgiza mai mabuɗai, bai motsa ba. Ta yi wa mai mudu ihu a kunne, ta ja gemun makaɗi, ta ɗauki gula ta buga gangar da kanta, ko sauti ba ta yi ba.

Sai ta ji kuka. A ƙarshen zauren wata jaririya ce kwance a tabarma, jar fata, da 'yar tsaga a goshi irin ta Inna. Tana tsotsar hannu tana kuka ƙasa-ƙasa. Da kukan ya ɗan yi ƙarfi, makaɗi ya ɗago kai, ya buɗe ido ɗaya, ya lalubi gula. Mai turare ta yi miƙa.

Lantana ba ta ga ko ɗaya ba. Tuni ta sungumi jaririyar, ta buɗe gora, tana ɗura mata fura tana cewa, "Yi shiru uwata, yi shiru, wa ya bar ki haka?" Jaririya ta sha ta yi gyatsa. Makaɗi ya saki gula, kansa ya koma kan ganga, layin nan duka ya koma barci.

Muryar Magajiya ta ratso bango. "Kaico, 'yar Adam! Ganga ce ta yunwa. Kukan yarinya ke tashin makaɗi, ganga ke tashin mai turare, ƙamshin turare ne kiranmu. Kowannensu an haife shi da aikinsa a cikin ƙwaya, ba ya tashi sai na gabansa ya tashe shi. Sau ɗaya ya rage miki. Furar za ta sauka, za ta sake kuka. In kin sake ba ta, ƙofofin sun rufe ke nan."

Lantana ta ajiye jaririyar ta fito, tana jin haushin kanta. A bakin kafar ta tarar da wata mace kyakkyawa zaune, ta yi lulluɓi da zane mai launin furen shunayya, leɓunanta dogaye, muryarta kamar ta mai rarrashi.

Ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Sunana Ƙuduji. Na daɗe kwance a ƙasar nan ina jiran ƙamshin turaren nan, don ni ma da shi nake tashi. Kada ki wahal da kanki da tsohuwar can. Mutanenta sun yi nisa, kafin su iso yarinya ta galabaita. Ni ga ni a bakin ƙofa. Da an yi kira zan shiga in rungume ta, ba kuma zan sake ta ba har abada."

Maganar ta yi wa Lantana daɗi, har ta buɗe baki za ta yi godiya. Sai idonta ya sauka kan hannuwan matar. Ita da ta saba tarbar baƙi, ta san yadda hannun mai kawowa yake, ta san na mai karɓa.

Ta ce, "Baiwar Allah, kin zo kasuwa, ina kayanki? Ba tulu, ba ƙwarya. Me za ki ba ta?"

Ƙuduji ta yi murmushi, leɓenta ya ƙara tsawo. Ta ce, "Ni ba na kawowa. Kuma ko kin so ko kin ƙi, na fi su kusa."

Nan Lantana ta gane amfanin tsunkulin ƙasar Inna. Ta zubar da sauran furar a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ta ƙwala wa tanar nan kira. Tanar ta ɓullo, Lantana ta haye bayanta ta ce, "Gindin gawo, don Allah, da sauri!"

Suka ratsa ƙarƙashin farin fili, suka ratsa wata ƙasa mai tauri inda tanar ta dinga huda da kai, wata kunama ta tare hanya suka kewaye ta, har suka iso inda ƙasa take baƙa mai sanyi, tana ƙamshin ruwan farko. Nan farin zare ya cika ko'ina kamar an baza auduga. A jikin zarurrukan 'yan ƙwallaye ne masu launin zuma, kowanne da jariri a naɗe a ciki yana barci.

Wani dattijo cikin mutanen Magajiya da suka gudo ya tare ta ya ce, "Ke ce mai ruwan duwatsu. Da wane ido za mu ba ki 'ya'yanmu?"

Ta ɗaga gorar ta kifa ta, ko ɗigo bai fito ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga gorata babu komai. Yau roƙo na zo, ban zo bayarwa ba."

Dattijon ya sa hannu ya shafa cikin gorar, ya ji da gaske ne. Ya cika mata ita da 'yan ƙwallayen.

Kafin su iso, tun daga nesa ta jiyo kukan. Ta zuba ƙwallayen a jikin saiwa, daf da ƙofofi, tsakaninsu da Ƙuduji, ta kutsa ciki. Jaririya tana ta tsala ihu, ta ga Lantana ta miƙo mata hannu biyu. Wannan ya fi farin fili zafi. Lantana ta zauna a gefen tabarma, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, tana kuka ita ma. Ta ce, "Yi haƙuri uwata. Kira su. Ni ba zan iya kawo miki ruwa ba, kira masu iyawa."

Makaɗi ya miƙe zaune. Ya ɗauki gula ya sauke a kan ganga, zauren ya amsa. Mai turare ta hura kaskonta, hayaƙi ya bi bango ya fita. A waje Ƙuduji ta yi guɗa, ta miƙo leɓe yana rarrafe a ƙasa. Amma ƙwallayen sun riga sun fashe. Zarurruka suka fito suka dafa ƙofa, suka yi sallama da nasu ƙamshin. Mai mabuɗai ya sunsuna, ya gane na gida ne, ya buɗe.

Zare ya shigo da ladabi, bai taɓa komai ba. An shimfiɗa masa mayafi a tsakar ɗaki, ya tsaya a ciki ya yi rassa ya zama 'yar bishiya fara. Kowane reshe ya fara ɗigar da ruwa da gishirin dutse. Mai mudu ya tara, ya auna, sannan ya ɗaga wa mai tulun mai hannu, aka zuba wa baƙo zaƙi da maiƙo. Wani zare guda ya shigo hannu rabbana, ya yi rassa bai ɗigar da komai ba. Mai tsintsiya ta tashi ta share shi waje, ko gardama ba a yi ba.

Jaririya ta sha daga mudu, ta yi shiru. Ganga ta lafa, turare ya mutu. Leɓen Ƙuduji da ya kusa taɓa saiwa ya rasa ƙamshin da yake bi, ya yi ta lalube a duhu har ya bushe.

Magajiya ta iso, gashinta ya fara tofowa. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan ƙwaya ɗaya ce, kuma a nan lokaci yana gudu. A sama zai yi miki tsawo. Ba mu ce kada ki ba da taki ba. Ki bari ta kira tukuna, mu shiga, sannan ki ba ta kaɗan da awo. Je ki."

Lantana ta farka a gindin suri, rana ba ta ko kai tsaka ba. Gorarta cike take da baƙar ƙasa.

Da ruwan shuka ya sauka, ta tafi gindin gawo da ƙwarya ta ɗebo ƙasa. Baffa Dogara yana sara da sungumi, tana binsa tana jefa iri, tana bi da tsunkuli, tana rufewa da diddige. Ta ga tsohon yana share ido da hannun riga. Buhun takin ta jingine shi a zaure ta ɗaure bakinsa.

Dawa ta tsiro. Sai sama ta ɗauke. Ganye ya yi fari-fari, ya fara naɗewa da rana. Maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Ikon Allah, Lantana ta koyi rowa, kuma a kan gonarta ta fara." Tana jinsu. Kullum sai ta je zaure ta tsaya a kan buhun, ta taɓa igiyar, ta koma.

Ranar da abin ya fi tsanani Baffa da kansa ya ciccibo buhun ya kawo bakin gona, yana haki. Ya ce, "'Yar nan, na fasa. Zuba mata. Ni na sa ki a wannan hanya, ba zan iya kallon ta mutu a gabana ba."

Ta dubi buhun, ta dubi tsiron da ya langwaɓe. Duk jikinta yana cewa ta zuba. Ta zauna a kan kunyar gona ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

Ta ce, "Baffa, zo ka sa kunne a ƙasa."

Ya ce, "Ke, da tsufana?"

"Don Allah, Baffa."

Ya durƙusa da ƙyar ya kwantar da kunne. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wa ke kiɗa a nan ƙasa?" Bai jira amsa ba, ya ja buhun ya mayar zaure.

Ruwa bai zo ba tukuna, amma da safe ganye ya buɗe. Gonakin da ke kewaye suna ta yaushi, Jar Inna ta yi kore shar ta tsaya. Sai a lokacin Lantana ta kwance buhu, ta bi kowane gindi da ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, tana yi tana yi wa hannunta faɗa. Da ruwa ya dawo, dawa ta yi sama ta fi mahayin doki, zangarniya ta sunkuyo ja wur. Furen ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai tsotse dawa, bai wuce ɗaiɗai ba a gefen gona, ta tumɓuke su kafin su zubar da 'ya'ya.

Ran da aka tuƙa tuwon farko ta kai wa Baffa. Ya gutsura ya kai baki, ya rufe ido. Ya ce, "Inna." Ya ci gaba da ci hawaye suna ɗiga a akushi. Lantana ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba a duk ciyarwar da ta yi a rayuwarta.

Kada a ce hannunta ya rufe. Tukunyar iri ta cika har ta nemi ta biyu, da shuka ta kewayo ta aika a gaya wa duk Kwarin Zago mai son Jar Inna ya zo da ƙwarya. Suka yi layi a ƙofarta, har da masu yi mata dariya. Kowa ta zuba masa iri, ta bi da dunƙulen baƙar ƙasa a kai.

Wani maƙwabcinta, Jatau, ya karɓi tasa ya dubi ƙasar ya ɓata fuska. Ya karkata ƙwarya zai zubar da ita. Lantana ta yi wuf ta cafke masa hannu.

Ta ce, "Kai, Malam Jatau, tsaya! Irin nan ko ka zubar zan ƙara maka. Amma wannan 'ya'yan mutane ne aka ba ni amana."